Birkin bakin bindiga: na dala 180 ko na dala 40?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Texas, bana abokan aikina suka ja ni farautar barewa. Na sayi bindiga mai cin harsashin .300 Winchester Magnum, sai ga shi shurinta ya fi ƙarfina, kafaɗata har ta yi tsami. A shago an nuna min ƙarfen nan da ake murɗawa a bakin bindiga don rage shuri, ɗaya dala 40, ɗaya dala 180. Mai shagon ya nace in ɗauki mai tsadar. Kuɗin zai biya kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. A irin naka amfanin, da wuya ya biya. Amma bari mu fara da abin da ƙarfen yake yi, don shi ne zai nuna maka inda kuɗin ke tafiya.

Shurin bindiga daga abu biyu yake zuwa. Akwai na harsashin da ya fita, akwai na iskar albarushi mai zafi da take biyo bayansa da gudun da ya fi nasa. Birkin baki ba ruwansa da na farkon. Aikinsa tare iskar nan: tana fitowa sai ta bugi bangayen da ke cikinsa, ta fice ta ramukan gefe maimakon ta wuce gaba, wannan bugun kuma yana jan bindigar gaba a daidai lokacin da take son komawa kafaɗarka. Shi ya sa harsashi mai cin albarushi da yawa ya fi cin moriyarsa. Naka yana ƙona wajen giram 4.5, alhali .308 Winchester wajen giram 3 yake ci. Ke nan za ka ji bambanci ƙwarai, ko da wanne ka ɗaura.

Abin da mai shago ba zai tsaya yi maka bayani ba shi ne, tazarar da ke tsakanin babu birki da birki mai araha ta fi tazarar da ke tsakanin mai araha da mai tsada nesa ba kusa ba. Ƙarin kuɗin akasari ingancin ƙira kake saye da shi: ramin tsakiya da ya zauna daidai da ramin bututun bindiga, ƙarfe mai jure zafi da tsatsa, da kuma noti na musamman da zai ba ka damar juya ramukan su kalli gefe daidai ba tare da ka yi ta cusa washa, wato siririn zoben ƙarfe, ba. Duk abubuwa ne masu kyau. Sai dai maharbin da zai yi 'yan harbe-harbe don daidaita saiti, sannan ya yi ɗaya ko biyu a daji duk kaka, ba zai taɓa cinye ƙarfen ba balle ya ga amfanin mai jure dubban harsasai.

Na san ana cewa araha ba ta ado, kuma akwai inda maganar ta zauna. Guji wanda ba shi da sunan kamfani, irin da ake zubarwa a intanet. Idan raminsa ya karkace ko da kaɗan ne, harsashi zai iya gogar bangon ciki, saiti ya watse, wani lokacin ma ƙarfen ya tsage. Nemi na tsaka-tsaki daga kamfanin da aka sani, ka kai wa maƙerin bindiga ya ɗaura, ya leƙa ya tabbatar ramukan sun yi layi ɗaya.

Ka kuma buɗe ido a nan: zaren murɗa na 5/8x24 shi ne aka fi yi wa bindigogin .30 irin taka, shi ne kuma ake yi wa masu cin harsashin 6.5 Creedmoor, wanda ya fi naka siranta. Wato birkin 6.5 zai hau bakin bindigarka lami lafiya, ya zauna daram, amma raminsa ya yi wa harsashinka ƙanƙanta. Karanta abin da aka zana a jikinsa kafin ka biya. In kuwa bututun naka ba shi da zare tun daga kamfani, sai an yanka masa, kuma kuɗin wannan aikin kaɗai yana iya wuce kuɗin birki mai araha.

Babbar tsadar ma ba a aljihu take ba, a kunne take. Ƙarar da ta kai desibel 140 a ma'aunin ƙara tana iya lahanta ji a take, babbar bindigar farauta kuwa ta wuce haka tun ba a ɗaura mata komai ba. Birki yana karkato ƙarar da hucin zuwa gefe da baya, wajenka da wajen wanda ke kusa da kai. A filin koyon harbi kowa kunnensa a toshe yake. A daji ne mutane ke sakaci, barewa ta ɓullo, a ɗaga bindiga a manta. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. In har za ka sa birki, to ka ware kuɗin abin rufe kunne mai batir, wanda ke barin ka ji motsin daji amma ya datse ƙarar harbi.

Da ni ne, kafin in taɓa bakin bindigar, zan fara sauya robar gindinta da mai laushi mai kauri. In faɗi gaskiya kuma, barewar Texas ba ta buƙatar .300 Magnum. Da .308 ko 6.5 Creedmoor ka saya, da wataƙila ba mu yi wannan hirar ba.

Tambaya: Malam, ni gasar harbin nesa nake shiga a Pennsylvania, kusan duk ƙarshen mako ina fili. Nawa birkin mai araha ne. In sauya?

Amsa: Kai kam sauya. Bukatarka ba ta tsaya ga ceton kafaɗa ba. So kake bakin bindiga ya tsaya cak bayan harbi, har ka ga inda harsashi ya sauka ta cikin madubin hange, ka gyara na biyu kafin iska ta juya. A wannan matakin ɗan bambancin da mafarauci ba zai lura da shi ba shi ne ke raba maki. Ga yawan harbi, wanda ke cinye bangon farko na birki mai taushin ƙarfe, ga cirewa da mayarwa don wanke dattin albarushi, inda notin daidaitawa ke rage maka wahala. Irin su Hellfire na kamfanin Area 419 don irinku aka yi su.

Zaɓi mai ramuka a gefe kawai. Mai ramuka zagaye da jiki, in ka kwanta rub da ciki ka harba, ƙura da tsakuwa zai tayar maka a fuska. Duk lokacin da ka sauya birki kuma, sake duba saiti, don nauyin da ke bakin bututu yana sauya inda harsashi ke faɗawa. In gasa ta kai ka New York, duba doka tukun: dokarsu ta 2013 ta sa birkin baki cikin abubuwan da ke haramta bindiga mai ɗura kanta da ake cire mata gidan harsashi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni manomi ne a jihar Kaduna, ina da bindiga mai baki ɗaya mai lasisi da nake korar gwanki da aladen daji da ita. Ɗana ya ce zai yi min odar wannan ƙarfe. Zai yi?

Amsa: Baba, a bar kuɗin nan. Taka mai cin katirij ce, wato harsashi mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma, bakinta ba shi da zaren da za a murɗa shi, kuma ƙarfin iskar da ke fita daga irinta bai kai wanda birki zai yi wani abin kirki da shi ba. Ga kuma doka: Dokar Makamai ta 1959 ta ɗaure shigo da bindiga ƙasar nan da izini, don haka kada yaron ya aiko da wani ɓangarenta sai an tambayi ofishin 'yan sandan da ya ba da lasisin. In shuri ne ya dame ka, a sa wa gindinta roba mai kauri, ka riƙa danna ta sosai a kafaɗa kafin ka ja kunama, ka kuma nemi katirij mai sauƙin lodi.