Tambaya da Amsa: Ruwan da Muke Sha da Ƙarafan da Muke Narkawa

Da damina ruwan da 'yan ga-ruwa ke kawo mana jawur yake zuwa saboda laka. Ina jefa alif ya kwanta ya yi garau. Shin hakan ya isa a sha? Daga wata uwargida a Birnin Kebbi.

Hajiya, bai isa ba. Aikin alif kwantar da laka ne, kashe ƙwayoyin cuta kuwa aikin kulorin ne ko tafasawa. Ƙananan ɓurɓushin laka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, shi ya sa suke ture juna, su yi ta yawo a ruwa ko da ya kwana. Alminiyam ɗin da ke cikin alif ne ke kashe wannan cajin, sai su manne su yi curi-curi, nauyinsu ya ja su ƙasa. Wasu ƙwayoyin cutar kan bi lakar su sauka, amma waɗanda suka rage sun isa su jawo amai da gudawa.

Jarka mai lita 20 tana buƙatar kimanin giram 1 na dakakken alif, wato kwatan ƙaramin cokalin shayi. Ki narka shi a kofi tukuna, ki zuba, ki juya da ƙarfi na minti ɗaya, sannan a hankali na minti biyar, ki bar shi ya yi awa guda. Juyawar nan ta a hankali ita mutane suka fi tsallakewa, alhali a lokacin ne curin ke girma. Idan alif ya yi yawa ruwan zai yi bauri, kuma lakar ma ba za ta kwanta da kyau ba.

Ki tsiyaye na sama zuwa wani mazubi mai tsabta, sannan ki sa kulorin. In bilicin wanki ne mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100, marar turare, mililita 1 da ɗan ɗoriya ya ishi lita 20. Ki auna da sirinji, kada ki kintata da ido. In garin kulorin ne mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, a narka giram 15 a lita ɗaya ta ruwa, a ɗebi mililita 4 daga ciki a zuba wa jarkar. Ki rufe, ki jira minti 30. Ya kamata ki ji ɗan warin kulorin. In babu ko alama, ki maimaita. Kada a fara da kulorin a ruwa mai laka, domin dattin zai cinye shi kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar.

Ruwan rijiyar burtsatsen unguwarmu fari tas yake fitowa, amma in ya jima a bokiti sai ya koma ja, yana ɓata fararen kaya. Me ke kawo haka? Daga wani mai karatu a Damagaram.

Ƙarfe ne narkakke, Malam. A ƙarƙashin ƙasa babu isasshiyar iska, don haka ido ba ya ganinsa. Da ya haɗu da iskar oksijin sai ya zama tsatsa. Daga miligiram 0.3 a lita yake fara ɓata tufafi. Maganinsa a sa ya yi tsatsar kafin ya iso bokiti: a riƙa zubo ruwan ta cikin faranti mai huji-huji ya faɗa tanki, ya huta, sannan ya ratsa yashi da tsakuwa. Amma ku lura da abu guda. In jan ya fi yawa da sassafe, yana raguwa bayan an yi ta bugawa, to bututun ne ke ruɓewa, abin da ke yawan faruwa in ruwan ya yi tsami, wato ma'auninsa na pH ya gaza 6.5. A nan sai a canza bututun zuwa na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Haƙar zinariya ce sana'ata. Ana ta ce mana mu bar zaiba, amma ba a gaya mana abin da za mu kama ba. Kuma mene ne haɗin aikinmu da gubar dalma? Daga wani matashi a Zamfara.

Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma dalma da zaiba guba biyu ce daban-daban. Dalmar tana cikin dutsen tun asali. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum zinariyar tana tare da dutsen dalma mai ƙyalƙyali, kuma a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen a bushe a cikin gidaje. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa, tafasa ruwa ma ba ya fitar da ita, sai dai ya ƙara tattara ta. Don haka a yi niƙa da ruwa, a wajen gari. Kada dutse ko buhunsa ya shiga gida, kada injin da ya niƙa dutse ya taɓa hatsi, a kuma yi wanka a canza kaya kafin a ɗauki yaro. Ruwan wankin dutsen a tara shi a rami nesa da rijiya, in ya kwanta a sake aiki da na saman. An rage ɗibar ruwa ke nan, an kuma hana gubar bin kwari.

Zaiba, wato makuri, ku kuke kawo ta. Tana tafasa a digiri 357, don haka duk lokacin da aka ƙona curin zaiba da zinariya a fili, tururinta huhun mai ƙonawa da na kusa da shi yake shiga. Rawar hannu da mantuwa da ciwon ƙoda kan biyo baya. Wadda ta bi ruwa kuwa, ƙwayoyin halitta na cikin taɓo suna mayar da ita wani nau'i da ya fi muni, ya taru a jikin kifi, ya illata ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Ƙananan masu haƙar zinariya ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba a iska, shi ya sa Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a kan zaiba, ta ba sana'arku kulawa ta musamman.

Abin da za ka kama shi ne nauyin zinariyar kanta. Ta fi ruwa nauyi sau 19, yashi kuwa bai kai sau 3 ba. Ka wanke niƙaƙƙen dutsen a kwararo mai shimfiɗar kafet, ka sake tacewa a kwano da ɗigon sabulu don kada ƙananan ƙwayoyin su taso su tafi, ka janye baƙin yashi da maganaɗisu. Abin da ya rage ka gauraya da borakis, wani farin garin sinadari, gwargwadon yawansa ko fiye, ka zuba a kaskon yumɓu, ka zuga gawayi har wuta ta wuce digiri 1,064. Borakis zai narkar da dattin ya taso, zinariyar ta taru a ƙasa. Masu haƙa a Benguet ta ƙasar Filifins sun daɗe suna yin haka. Sai dai hanyar ba ta ci sosai in zinariyar ta yi laushi ainun, kuma in akwai dutsen dalma a abin da ka tace, hayaƙin narkawar guba ne, dole a yi a fili, nesa da mutane.

In har ba ka iya rabuwa da zaiba yanzu ba, kada ka zuba ta a dukan dutsen, sai a tatacce. Ka ƙona curin a rufaffen bututun ƙarfe mai lanƙwasa wanda bakinsa ke cikin ruwa, tururin zai huce ya koma zaibar da za ka sake amfani da ita. Ka fitar da bakin daga ruwa kafin ka janye wuta, in ba haka ba bututun zai zuƙo ruwa ya fashe.

Muna narka gwangwani da tsofaffin kayan mota mu zuba tukwane. An ce tukwanen na cutarwa. Gaskiya ne? Daga wani maƙeri a Kano.

Sana'arka mai amfani ce ƙwarai, Malam. Kafin a sami tan ɗaya na sabon alminiyam sai an haƙo tan 4 zuwa 5 na ƙasar boksayit, irin wadda Gini ke fitarwa, a kuma sha wutar lantarki mai ɗimbin yawa. Sake narka tsoho kimanin kashi 5 cikin 100 na wannan makamashin kawai yake ci.

Matsalar tana wurin abin da ake jefawa a tukunyar narki. Tukunyar da ake ce wa ta dalma alminiyam ce, amma ainihin dalma mai guba, irin ta cikin batirin mota, tana shigowa ta lagireto mai liƙin dalma, da kan batir, da wasu sassan inji. Tana narkewa a digiri 327, alminiyam kuwa sai 660, don haka tuni ta gauraye ba ka sani ba. Binciken da aka yi kan irin waɗannan tukwane a Kamaru a 2014 ya nuna suna sakin dalma cikin abin da aka dafa, kuma tsami ne ke janyo ta: tsamiya, tumatir, yakuwa, zoɓo.

Ka ware kayanka kashi biyu. Gwangwanin lemo, tsofaffin tukwanen kamfani da firam ɗin taga su tafi ga kayan girki, kayan mota kuma ga murhu da abin da ba ya taɓa abinci. Gwangwani siriri ne, in ka jefa shi a wuta haka nan da yawansa toka zai zama, don haka ka daddanne shi ka nutsar a cikin narkakken da ke tukunya. Gishirin girki gauraye da wani gishirin da ake kira potasiyam kuloraid yana taimakawa wajen raba dattin da ƙarfen. Kome za ka jefa, ka fara gasa shi a bakin maƙera ya bushe ƙarƙaf, domin ɗan ruwan da ya maƙale a gwangwani ya isa ya watso maka narkakken ƙarfe a fuska.