Rektifayar babur ɗina tana yawan ƙonewa: wace iri zan saya, a ina zan ɗaura ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kabu-kabu ne a Jega, jihar Kebbi, kuma babur ɗina ƙirar ƙasar Sin ne mai inji 125. Cikin wata uku na sauya rektifaya sau biyu, amma har yanzu ƙwan fitilar gaba yana ƙonewa idan na ja totur da dare, ruwan batir kuma yana ƙafewa da wuri. Tun da ƙarfen da ke riƙe da ita ya karye, mai wayarin ya mayar da ita ƙarƙashin sit ya ɗaure da roba. Wace iri zan saya wadda za ta daɗe, kuma a ina ya kamata a ɗaura ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ta farko ita ce kada ka sayi ta uku sai an sa wa babur ɗin mitar auna wuta, domin rektifaya biyu ba sa mutuwa cikin wata uku haka kawai, akwai abin da ke kashe su, kuma idan ba a gano shi ba sabuwar ma hanyar 'yan'uwanta za ta bi.

Rektifaya, wadda wasu ke kira caja, aiki biyu take yi. Koyil ɗin da ke cikin inji yana ba da wuta mai kai-da-komo, wato AC, wadda ƙarfinta ke hawa duk lokacin da aka ja totur, har ta kai bolt masu yawa fiye da abin da batir zai ɗauka. Rektifaya ce ke mayar da ita wuta mai bin hanya ɗaya, wato DC, sannan ta tsare ta kada ta wuce ƙima. Irin da ke kan mafi yawan ƙananan babura tana yin wannan tsarewar ne ta hanyar karkatar da rarar wutar zuwa bodi, abin da ke sa ta yin zafi, kuma dalilin da ya sa aka yi mata jiki mai haƙarƙari ke nan, don iska ta riƙa ratsawa tana sanyaya ta. Alamomin da ka faɗa, ƙonewar ƙwai da ƙafewar ruwan batir, duka suna nuna cewa wuta tana wuce ƙima, wato tsarewar ba ta yin aiki yadda ya kamata.

Awon ba shi da wuya. A sa mita a kan batir babur yana kashe: lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6. Sai a tayar da inji a ja totur matsakaici, inda ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, lambar kuma ta tsaya a nan ko an ƙara ja. Idan ta haura 15 tana ci gaba da hawa, batir dahuwa yake yi. Idan ta kasa kai wa 13, caji ba ya isa. A duba koyil ma, a tabbatar wayoyinsa ba su gogu da murfin inji sun tsage ba, a kuma kalli cikin soket ɗin da kyau, domin soket ɗin da ya yi baƙi ko ya narke shaida ce cewa haɗin ya yi sako-sako yana zafi.

Game da zaɓe kuwa, a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi, saboda abin da ake yi a shagon kayan gyara shi ne a miƙa tsohuwa, mai shago ya ɗauko wadda soket ɗinta ya yi kama, a biya a tafi. Shigar soket ba ita ce dacewa ba. Akwai rektifaya masu ƙafa huɗu iri biyu waɗanda ido ba ya bambanta su, alhali aikinsu daban ne. Ɗaya an yi ta ne don babur ɗin da fitilarsa ke shan wuta kai tsaye daga koyil, inda bakin koyil ɗin guda yake haɗe da bodi; ɗayar kuma don babur ɗin da duk wutarsa ke bi ta batir, inda wayoyin koyil biyu ke zuwa rektifaya ba tare da ko ɗaya ya taɓa bodi ba. Idan aka sa wannan a gurbin waccan, ko dai caji ya ƙi, ko wuta ta wuce ƙima, ko ita kanta ta ƙone cikin 'yan kwanaki. Kana iya gane naka da kanka: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka kunna fitilar gaba. Idan ta kama, daga batir take sha. Idan ba ta kama ba sai inji ya tashi, kuma haskenta na ƙaruwa da totur, to naka irin na farko ne. Manyan babura kuma da dama suna da wayoyin koyil uku masu launi ɗaya, yawanci rawaya, su ma tasu daban ce.

Launin waya yana taimakawa, amma da sharaɗi. A baburan Honda da na Sin da suka kwaikwayi tsarinsu, ja yana zuwa batir, kore na bodi ne, rawaya da fari ko ruwan hoda daga koyil suke. Baburan Indiya irin su Bajaj da TVS suna da nasu tsarin launi, kuma babur ɗin da ya sha hannun masu wayarin ba a dogara da launinsa ko kaɗan, sai a bi kowace waya da mita a ga inda ta nufa. Idan taka mai waya biyar ce mai tsarin Honda, yawanci akwai baƙar waya da ke fitowa daga makulli, wadda ta nan rektifaya ke sanin yawan wutar da ke cikin babur. Wannan waya ina so a kula da ita sosai, domin idan tsatsa ta ci makullin ko haɗin wayar, rektifaya za ta ga kamar batir ya yi ƙasa, ta yi ta tura caji ba tsayawa, ita kuwa lafiyarta ƙalau. An zubar da rektifaya masu kyau da yawa saboda wannan. Abin da mita ta nuna a kan baƙar wayar, makulli yana kunne, bai kamata ya gaza na batir da fiye da rabin bolt ba.

Saboda haka ka tafi kasuwa da sunan babur ɗin da samfurinsa, da lambar da ke jikin ta asali in har tana nan, ka nemi ta kamfanin da ya ƙera shi ko da ta fi tsada. Kuɗin biyun da ka riga ka saya, da ƙwayayen fitila, da batir ɗin da ke lalacewa, na tabbata sun zarce wannan bambancin.

Wurin da aka ɗaura ta yanzu shi ne na fi zargi. Ƙarƙashin sit iska ba ta shiga, robar da aka naɗa mata kuma ta raba ta da ƙarfen bodi, wanda shi ke ɗauke mata wani ɓangare na zafi, a wasu ma ta jikinsa suke samun haɗin bodi. Ka haɗa wannan da zafin Kebbi a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40, da kuma aikin kabu-kabu inda inji ke wuni yana juyawa, za ka ga cewa ko ta asali ce ba za ta jure ba. A gyara ƙarfen da ya karye a mayar da ita mazauninta na farko. Idan hakan ya gagara, a nemi wuri a jikin bodi inda iska ke bugawa in ana tafiya, nesa da salansa da kan inji, inda kuma taya ba ta watso ruwa da laka. In za a yi walda, a cire batir da soket ɗin rektifaya da na akwatin wutar fulogi tukuna, domin wutar walda tana iya kashe su nan take.

Wajen ɗaurawa, a fara cire kan batir mai alamar ɗebewa, shi ne kuma za a mayar a ƙarshe. A goge wurin da za ta zauna da samfefa har fenti da tsatsa su fita ƙarfe ya bayyana, a ɗaure ta da noti tamau yadda ba za ta yi rawa ba, a juya bakin soket ƙasa don kada ruwa ya taru a ciki. Wayar bodi ita ma a kankare mazauninta, kuma na fi son a ƙara wata waya mai kauri daga nan kai tsaye zuwa kan batir mai alamar ɗebewa, saboda rarar wuta ta nan take bi, in hanyar ta toshe kan ƙwan fitila take hucewa. Soket ɗin da ya narke a sauya shi gaba ɗaya. Murɗe waya da hannu a naɗa tef ba gyara ba ne a wannan wuri. A like da dalma. Fiyus kuma a sa na ƙa'ida, kada a maye shi da guntuwar waya, kuma a yi hattara da juya kawunan batir, don kuskure ɗaya ya isa ya ƙone sabuwar.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon a daina, ta cire kan batir inji yana aiki don a gwada ko caji na zuwa. Batir shi ke shanye hawa da saukar wuta, kuma cire shi a wannan hali yana iya lalata rektifaya da sauran kayan wuta. Wannan ne ma ya sa nake ganin batir ɗinka yana buƙatar dubawa kafin a ɗaura sabuwa: wanda ya sha dahuwa har ruwansa ya ƙafe sau da dama da wuya ya sake riƙe caji. A cika shi da ruwan batir tatacce, kada a sa na rijiya ko na famfo, a yi masa caji, a bar shi ya kwana. Idan da safe ya sauka ƙasa da bolt 12, ko ya kumbura, sai a sauya shi tare da rektifayar. Bayan an gama haɗawa a sake sa mita, a auna fitila tana kashe, a kuma auna tana kunne, a tabbatar lambar ba ta haura 14.5 da yawa ba kafin ka fita aiki da shi.