Za a haɗe asibitinmu da na makwabta: ina makomar majiyyaci?

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, mahaifiyata kuma tana ganin likitan zuciya a inda nake aiki. An ce za a haɗe asibitinmu da na garin da ke kusa, hankalina ya tashi. Za a ɗauke mana zaɓi ne? Abokan aiki suna cewa ba komai, tunda magani kyauta ne. Wa ke duba irin wannan haɗewa?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Haƙƙinta na zaɓen asibiti idan likitan unguwa ya tura ta ganin ƙwararre yana nan, haɗewa ba ta soke shi, kodayake bai shafi jinyar gaggawa da haihuwa ba. Abin da ke raguwa shi ne yawan masu asibitin. Gini biyu a hannun shugabanci ɗaya, zaɓi ɗaya ne.

Maganar abokan aikinki kuwa, kullum sai na ji ta, har daga bakin manya, kuma ta ishe ni. Wai tunda ba a biya, ba gasa. To, wa ya ce gasa a farashi kaɗai take? Daga 2006 aka fara bai wa majiyyata zaɓi a Ingila, aka faɗaɗa shi a 2008, kuɗin gwamnati kuma yana bin majiyyaci a ƙayyadadden farashi. Asibitin da ba zai iya karya farashi ba, da me zai ja mutane? Da gajeren layi, da tsafta, da ingancin aiki. Binciken Martin Gaynor da Carol Propper da abokin aikinsu ya gano cewa bayan wannan sauyi, mace-macen bugun zuciya sun fi raguwa a yankunan da asibitoci ke da kishiya. Kin fi ni sanin yadda sashe ke zama idan shugabanni sun san mara lafiya ba shi da wurin zuwa: wata uku ya koma shida, ba wanda ya kasa barci. Mai cewa ba komai bai taɓa zaman jiran ranar tiyata ba.

Wannan dalili ne ya sa hukumar gasa ta hana haɗewar asibitocin Bournemouth da Poole a 2013. Sai dai ba kowace haɗewa ce cuta ba. A 2017 hukumar CMA, wadda ta gaji waccan hukumar gasa, ta bar manyan asibitoci biyu na Manchester suka haɗe, don ta gamsu amfanin majiyyata ya rinjayi asarar gasa. Bournemouth da Poole ma an amince musu a 2020, bayan shekara bakwai ana jan ƙafa da tarin takardu, abin da har yau ke ba ni haushi.

Yanzu dokar lafiya ta 2022 ta cire hannun CMA daga haɗewar asibitocin NHS (tsarin kiwon lafiyar gwamnati) da junansu, hukumar NHS ta Ingila ke dubawa, wato mai gida ke duba gidansa. Saboda haka ki nemi takardar shirin, ki ga a rubuce wane gini sashen zuciya zai zauna, da nisan da Mama za ta riƙa tafiya. Idan ba su rubuta ba, ki tashi a taron jin ra'ayi ki tambaya.