Jan zoben da ka gani a cikin ƙwai

Ɗana, ka ce da ka haska ƙwan da tocila a kwana na 7 ka ga wasu fes babu komai, wasu kuma da jan zobe, har kana zargin injin ƙyanƙyasa. Matsala biyu ce, kada ka haɗa su.

Wanda ya fito fes, galibi zakara bai hau kazar ba. Ɗauko sabon ƙwai daga garken ka fasa a faranti, ka dubi ɗan farin ɗigon da ke kan gwaiduwa. In ƙarami ne a dunƙule, babu ɗa. In ya buɗe, ya kai faɗin milimita 3 zuwa 4, akwai. Zakara ɗaya ga kaji 10 ya isa.

Jan zoben shi ne abin damuwa, don ɗan ya fara sannan ya mutu. Tun ƙwan yana cikin kaza halittar take somawa, in ta saka shi ya huce sai ta dakata. Da ya samu zafin digiri 37.5 sai ta ɗora. Kafin kwana biyu su cika zuciya ta fara bugawa, a na uku jijiyoyin jini sun bazu a kan gwaiduwa kamar saƙar gizo-gizo, a na huɗu ido ya soma baƙi. In ya mutu a wannan tsakanin, jijiyoyin sai su narke, jinin ya taru a gefe ya zagaye. Shi ka gani.

Fara binciken daga wurin ajiya. A bazara ɗaki yakan haura digiri 35, ƙwan kuwa da ya wuce 24 zai fara motsi a raunane, yau ya tashi gobe ya tsaya, ya shiga inji a galabaice. A kwashe sau uku a wuni, a jera tsinin yana ƙasa, kusa da randa inda akwai sanyi, kuma kada ya wuce kwana 7. Ban yarda a wanke shi ba, don wanki yana cire abin da ya toshe ƙofofin ɓawon, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Wanda ya sha jijjiga a mota, bar shi ya kwana kafin ka zuba.

Sannan ka koma kan injin. Sa ma'aunin zafi na biyu daidai saman ƙwan. Ɗaukewar wuta ta awa biyu jinkiri kawai take kawowa, amma zafin da ya haura digiri 40 na 'yan awanni yana iya zama kisa. Juyi kuma aƙalla sau uku a rana, musamman makon farko, in ba haka ba ɗan ya manne da fatar cikin ɓawo.

Fitar da masu zoben da fes ɗin yau, kafin baragurbi ya fashe ya ɓata sauran. Ƙwan zabi kuwa ɓawonsa da kauri, jira kwana na 10 kafin ka yanke masa hukunci.