Tambaya da Amsa: Sai an ce "kamar namiji" ne yabo ke cika?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a Samaru, ina buga ƙwallon kwando. In ana sharhin wasan maza a rediyo, maganar dabara da iya raba ƙwallo ake yi. Da an zo kan mata sai a ce "ta buga kamar namiji", ko a koma zancen kyanta da aurenta. Ni ce mai saurin fushi, ko da gaske akwai bambanci?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kunnenki bai yaudare ki ba, kuma abin yana ci mini rai. Ki lura, in mai gabatarwa ya ce "Najeriya za ta buga yau", kowa a gidan kallo na Sabon Gari ya san Super Eagles ake nufi. Su Super Falcons sai an liƙa musu "'yan mata", ko da wadda ake magana a kanta ta haura shekara 30. Alhali kofin Afirka 3 maza suka ɗauko, a 1980, 1994 da 2013, mata kuwa 10.

Dubi wasan ƙarshe na kofin Afirka na mata da Super Falcons suka buga da Maroko a Rabat a 2025. Maroko na gaba da ci 2 da nema aka tafi hutun rabin lokaci. Esther Okoronkwo ta ci fenariti, ta shirya wa Ijamilusi ta farke, sannan bugun tazararta ne Echegini ta jefa a raga, aka tashi 3 da 2. Da namiji ne ya yi wannan aiki, sai an kwana ana fashin baƙin ƙafarsa ta hagu. Ita ma hakan ya kamace ta, don gumin ɗaya ne.

Na san masu cewa "mace mai kamar maza" yabo suke nufi, mu Zazzagawa da shi muke wa Sarauniya Amina kirari. Amma mai sharhi aikinsa ya faɗa mana abin da 'yar wasa ta yi a fili, kirari ba ya maye gurbin wannan.

Ke da kike ƙwallon kwando ma kina da hujja a hannu. D'Tigress, tawagar matan Najeriya, ƙarƙashin mai horarwa Rena Wakama, su ne tawagar ƙwallon kwando ta Afirka ta farko, maza da mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik, a Paris 2024. Ranar da aka buɗe layin waya a shirin wasanni, ki kira, ki gaishe su da ladabi, ki tambaye su wane salon tsaron gida Wakama ta yi amfani da shi ta doke Ostareliya.