Sauya makin da mai sihiri ke dogaro da shi a wasan Dungeons & Dragons

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Mu biyar ne muke buga Dungeons & Dragons, bugu na biyar, duk daren Alhamis bayan isha'i a zauren gidanmu. Ba kuɗi a ciki, labari ne kawai muke ƙullawa kamar tatsuniya. Ɗan lido mai fuska 20 guda ɗaya tal gare mu, shi muke miƙa wa juna. Ni ne jagoran wasan. Abokina ɗaya ya zaɓi ajin walok, mai samun sihiri ta hanyar ƙulla alkawari da wata halitta mai ƙarfi, amma ya ce tauraronsa, wato wanda yake takawa a labarin, mutum ne mai shiru-shiru da ya tono sirrinsa cikin tsofaffin takardu, saboda haka yana so Basira ta maye gurbin Kwarjini a matsayin halin da sihirinsa ke dogaro da shi. Wani kuma ya ɗauki sosara, mai sihirin gado, ya ce tunda sihirinsa a jini yake, da Juriyar jiki ya kamata ya riƙa aiki. Gardama ta yi zafi har shayi ya huce. Wa zan amince wa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka amince wa na farko, ka hana na biyu, kuma ka faɗa musu dalili a zama ɗaya don kada a ce ka yi son kai.

Ka san halaye shida ne a takardar kowane tauraro: Ƙarfi, Zafin nama, Juriya, Basira, Hikima da Kwarjini. A littafin 'yan wasa na 2014, wizad, wato wanda ya koyi sihiri da karatu, da Basira yake aiki. Kilarik, mai sihirin bauta, da durwid, mai sihirin halittun daji, da maharbin daji suna kan Hikima. Mawaƙi da barde mai rantsuwa da sosara da walok duka huɗun Kwarjini aka ba su. Lissafin kuwa iri ɗaya ne ga kowa. Lambar da abokin gaba zai cimma kafin ya tsira daga sihirinka ita ce 8, a ƙara ladan ƙwarewa, wato ƙarin lambar da ke hawa yayin da tauraro ke hawa mataki, a ƙara ladan wannan halin. Mai maki 16 ladansa 3 ne, ladan ƙwarewa a matakin farko 2, lambar ta zama 13, kai hari kuma 5 ake ƙarawa a kan jifa. Ko daga Kwarjini 16 ɗin ta fito ko daga Basira, 13 ce ba ƙari ba ragi. Saboda haka sauyin ba ya ƙara wa sihirin kaifi ko kaɗan. Abin dubawa shi ne sauran aikin da wannan halin yake yi a wajen sihiri.

Abokinka mai walok, in ka duba da kyau, asara ma zai yi. Kwarjini shi ke riƙe da lallashi, yaudara, razanarwa da iya nishaɗantar da jama'a, kuma duk wanda ya taɓa jagorantar wasa ya san da ƙyar a tashi zama ba a lallashi wani mai gadin ƙofa ko wani attajiri ba. Basira tana da sanin sihiri, tarihi, bincike, sanin halittu da sanin addinai, waɗanda sai jagora ya buɗe musu ƙofa da kansa suke amfani. Mutumin da ya yarda ya saki na farko ya kama na biyu ba wayo yake nema ba, labarinsa yake so ya tsaya da ƙafarsa. Ni kaina ina ganin walok mai Basira ya fi dacewa da abin da ajin yake nufi: mutum mai ƙishirwar sani, wanda ya ci gaba da tono har ya ƙulla alkawari da abin da ya fi ƙarfinsa. Kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ma ya gwada wannan tunanin a 2023, lokacin da ya saki daftarin gwaji inda walok ke zaɓar halinsa gwargwadon irin alkawarin da ya ɗauka, kafin littafin 2024 ya mayar da shi kan Kwarjini.

Sai dai in za ka sauya, ka sauya gaba ɗaya. Ku zauna da biro ku bi bayanin ajin layi-layi, duk inda aka ambaci Kwarjini ku soke ku rubuta Basira. Akwai baiwar da ke ƙara ladan Kwarjini a kan ɓarnar harbin walok, ita ma ta koma. Jifan tsira, wato jifan ɗan lido don kauce wa sihiri ko haɗari, wanda walok ya ƙware a kai Hikima ne da Kwarjini, to ya zama Hikima da Basira, kada ka taɓa Hikimar. An tsara kowane aji da jifan tsira ɗaya mai yawan zuwa, wato Zafin nama ko Juriya ko Hikima, da ɗaya mai ƙarancin zuwa daga sauran ukun. Kwarjini da Basira duk a rukuni na biyu suke, musanya su ba ta girgiza komai. Na taɓa yin sakaci a nan. Na ba wani ɗan wasana izini a tsaye, ban bi takardar ba, sai da muka kai mataki na uku muka gano rabin baiwoyinsa suna kan halin da ya zuba wa maki 8. Ranar ya yi shiru yana murza gefen takardarsa da yatsa har aka tashi, kuma laifin nawa ne.

Ka kuma sa ido kan haɗa aji biyu. Dokar ta ce sai mutum yana da 13 a babban halin ajin da yake ciki da na wanda zai shiga. Walok ɗinka yanzu Basira 13 zai nema. Wannan ya rufe masa hanyar haɗuwa da barde ko sosara cikin sauƙi, amma ya buɗe masa ta wizad, inda mataki biyu kacal na walok za su ba shi harbin da ba ya ƙarewa da kuma gurabun sihiri, wato damar sakin sihiri, masu dawowa bayan ɗan gajeren hutu. Ba abin da zai rushe wasa ba ne, amma ku yi magana a kansa tun yanzu.

Yanzu ga ɗan gado, wato sosara. Hujjar abokinka tana da daɗin ji, kuma ba shi ya fara kawo ta ba, domin a bugu na huɗu na 2008 akwai walok da ke aiki da Juriya. Amma wancan tsarin daban aka gina shi. A bugu na biyar Juriya ita ce halin da kowa ke buƙata ko da wane aji ya ɗauka, ita ke ƙara makin rai a kowane mataki, ita kuma ake jefawa idan an bugi mai sihiri yana riƙe da sihirin da ke neman natsuwa. An raba ta da halin sihiri da gangan don mai sihiri ya rarraba makinsa, ya zaɓi tsakanin kaifi da ƙwari.

Ɗauki lissafi a mataki na takwas. Sosara na yau da kullum ya kai Kwarjininsa 20, Juriyarsa tana 14. Makin ransa a matsakaici 34 ne, a ƙara 16, ya zama 50. Na abokinka kuwa duk makin da ya samu a Juriya zai zuba, ta kai 20, sai 34 da 40 su ba shi 74. Mayaƙi mai sulke da takobi, wanda aikinsa ke nan tsayawa a gaba ya sha duka, in Juriyarsa 14 ce, 68 gare shi a wannan matakin. Ka ga mai jifa daga bayan fage ya fi na bakin daga jini a jika. Haka batun natsuwa. Sosara dama ya ƙware a jifan tsira na Juriya, saboda haka na abokinka 8 zai riƙa ƙarawa, kuma mafi ƙarancin lambar da ake nema 10 ce, sai ɗan lido ya faɗi a kan 1 kaɗai zai saki sihirinsa. Sau ɗaya ke nan cikin 20, alhali na yau da kullum sau huɗu cikin 20 yake saki. Sauran 'yan wasan ba za su lura a daren farko ba. Bayan wata biyu mai mayaƙi zai fara tambayar kansa me ya zo yi zauren.

Zafin nama ma haka zan ce in wani ya nema, domin shi ke riƙe da kariya daga sara, da saurin fara motsi a faɗa, da sanɗa. Hikima tana tsakiya. Ana iya bari, amma wanda ya koma kanta daga Basira ko Kwarjini riba ya ci, tunda lura da abin da ke kewaye da gane zuciyar mutum duk nata ne, kuma sihirce-sihirce masu kama hankali da ita ake tsira daga gare su. In ka yarda da irin wannan, ka bar masa jifan tsiransa yadda suke a littafi.

Kada ka sallami abokinka na biyu hannu rabbana. Abin da yake so shi ne a ga sihirin a jikin tauraronsa, kuma littafin 2014 ya riga ya tanadi hanya: sosara mai jinin dodon wuta yana samun ƙarin makin rai ɗaya a kowane mataki, fatarsa kuma tana ba shi kariyar 13 da ladan Zafin nama ko babu sulke. In bai ishe shi ba, a mataki na huɗu ya ɗauki baiwar taurin jiki mai ƙara maki biyu a kowane mataki, ya biya da ƙarin makin da zai samu a lokacin. Sauran kuma a bakinka yake, Malam. Duk sanda ya saki sihiri ka bayyana yadda jijiyoyin hannunsa suka tashi, gumi ya keto masa, numfashinsa ya yi zafi kamar bakin murhu. A takarda Kwarjini ne, domin a wannan wasan Kwarjini ya haɗa da ƙarfin zuciya da iya tanƙwara abu da niyya, ba iya zance kaɗai ba.

Abin da kuka yanke ku rubuta shi a bangon baya na littafin da kuke ajiye takardun taurari, kowa ya gani kafin ku jefa ɗan lido ranar Alhamis mai zuwa.