Amsa ga mai son saukowa Legas ci-rani

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka gama girbi, ka ji mafi ƙarancin albashi a Legas naira 85,000 ne, shin ka taho ko ka zauna gida?

Maganar 85,000 gaskiya ce, Gwamna Sanwo-Olu ya sanar da ita a Oktoban 2024, amma ta ma'aikatan jiha ce. Na ƙasa baki ɗaya 70,000 ne, shi ma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Maigadi a Lekki, ɗan dako a kasuwar Mile 12, mai ga-ruwa, duk yadda suka yi ciniki da mai gida shi ke nan. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya haka suke, ba takarda ba fansho. Yawancinmu nan muke.

Kada ka taho da niyyar acaɓa, don Allah. Tun Yunin 2022 aka hana shi a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland, daga baya aka ƙara wasu ƙananan hukumomin. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi. Na ga yaron da ya sayar da gonar gado ya sayi babur, ya koma wankin takalmi a bakin masallaci.

Abin da mutanen gida ba sa lissafawa shi ne abin da ke fita. Ɗaki sai ka biya na shekara gaba ɗaya, ga kuɗin ejan. Shi ya sa za ka ga samari suna kwana a shago ko a rumfar kasuwa, kansu bisa buhun albasa, da asuba su bi layin gidan wanka, nan ma kuɗi ne, bayan gida ma kuɗi. Kuɗin mota kuwa tun cire tallafin mai a Mayun 2023 bai sauko ba.

Duk da haka ana samu, masu gida da iyali sun yi a nan. Amma waɗanda na ga sun tsaya da ƙafarsu, wurin wani suka sauka mai sana'a a hannu: kayan gwari a Mile 12, fawa a Oko-Oba ta Agege, tumaki a Alaba Rago kafin a rushe kasuwar. Ka yanke ladanka gaban shaida kafin ka fara, ka riƙe katin NIN, kuɗin motar komawa kuma kada ka taɓa shi.

Wa kake da shi a nan, kuma wace sana'a ka iya? Faɗa mana tukuna.